DAGA KARMO ZUWA TAFKIN KAINJI: SHIRIN TAFIYA A JIRGIN RUWA CIKIN HUNTURU

Duk wanda ya san Karmo zai yi mamaki in ya ji an ce a can ne wasu suka zauna suna shirin tafiya a jirgin ruwa. Garin yana yamma da tsakiyar Abuja, bisa hanyar da ta bi ta Gwagwa ta ɓulle Dei-Dei, kuma abin da aka san shi da shi shi ne kasuwar Talata, da kayan gwanjo, da ƙura, da cunkoson motoci. Ruwan shanmu ma a jarka 'yan garuwa ke turo mana shi. Amma duk da haka a nan, a tsakar gidan da na ke haya, ni da Baffana muka shafe makonni muna lissafin mai, da iska, da awoyi, kamar masu shirin ƙetare teku.

Dalili kuwa shi ne, Baffa, watau wan mahaifina, Basarke ne, an haife shi a wani ɗan gungu da ke tsakiyar Kogin Kwara, kudu da Yelwa ta ƙasar Yawuri. Yana da shekara 14 aka tashe su, a 1968, sa'ad da aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya taso ya haɗiye gungun nasu. Yanzu ya haura shekara 70, idonsa ya fara rauni, kuma saboda jinyar idon ne ma ya zo ya zauna a wurina. Wani dare bayan sallar lisha ya ce mini, "Ɗan nan, kafin idon nan ya rufe ina so ka kai ni in tsaya a kan garinmu." Na ce, "Baffa, ai garin yana ƙarƙashin ruwa." Ya ce, "Na sani. A kansa na ce, ban ce a cikinsa ba."

Maganar babba ba a mayar da ita. To, amma ɗaukar tsoho a ƙaramin jirgi mai inji a shiga da shi ruwan da faɗinsa ya fi nisan Karmo zuwa tsakiyar Abuja, ba abin da za a yi da ka ba ne. Shi ya sa na ga ya kyautu in bayyana wa masu karatu yadda muka tsara abin, ko wani zai amfana.

RUWAN DA ZA MU SHIGA

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan da ta tare ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 135, daga bakin madatsar har zuwa Yelwa. Inda ya fi faɗi ya kai kilomita 24, zurfinsa kuwa kusa da madatsa ya kai mita 60. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga garuruwansu aka sake musu matsuguni, har da mutanen tsohuwar Bussa, waɗanda aka gina wa Sabuwar Bussa. Yau tafkin yana tsakanin Jihar Kebbi da Jihar Neja, kuma kabilu da yawa ke cin abinci a bakinsa: Gungawa, da Sarkawa, da Kambari, da Lopawa, da Bussawa, da Nufawa, da sauransu.

A kamanni tafkin ya kasu uku. Daga Yelwa zuwa kudu yana nan kamar kogi, da gungu-gungu da ciyawa a gefe. Daga nan sai ya buɗe ya zama wani makeken fili na ruwa, inda babban tsibirin Foge ya ke a da, wanda mafi yawansa ya nutse. Sa'an nan ya sake tsukewa ya yi zurfi har ya isa madatsa. Gungun su Baffa yana cikin wannan kashi na tsakiya, daura da garin Warra, watau daidai inda ruwa ya fi faɗi, iska kuma ta fi samun filin wasa.

DON ME SAI HUNTURU?

Abu na farko da muka yi gardama a kai shi ne lokaci. Kogin Kwara a wannan yanki cika biyu ya ke yi a shekara, abin da ba kowane kogi ke yi ba. Ta farko ita ce ta farin ruwa, wadda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman da aka yi a nan kusa ne, irin wanda Gulbin Sakkwato da ƙananan koguna ke kwasowa, yana tafe da laka har ya yi fari-fari. Ta biyu ita ce ta baƙin ruwa. Wannan ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini, ya shiga fadamun ƙasar Mali ya yi ta yawo watanni, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya biyo ta Yamai ya iso mana garau daga Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka sa'ad da rijiyoyin Karmo ke ja da baya, leɓe na tsagewa, a lokacin ne tafkin Kainji ke cike maƙil.

Wannan ne ya sa hunturu ya fi dacewa da ƙaramin jirgi. Ba hadari, ba tsawa, ba guguwar da ke tasowa farat ɗaya kamar ta farkon damina. Ruwa kuma ya hau kan yawancin kututturan itatuwan da aka bari a tsaye sa'ad da aka tare kogin, waɗanda su ne manyan maƙiyan jirgi in ruwa ya ja.

Amma kada mai karatu ya ɗauka hunturu ba shi da nasa sharri. Ɗan Baffa na wajen ƙanwarsa, wanda ke tuƙa jirgi a kwatar Yelwa, shi ne zai zama matuƙinmu, kuma shi ya lissafa mini su ta waya. Na ɗaya hazo, wanda kan rufe tafkin har mutum ya kasa ganin gaɓa, ya yi ta zagaye wuri ɗaya mai na ƙonewa. Na biyu iskar arewa maso gabas, wadda kan taso da hantsi ta tayar da igiyar ruwa a inda tafkin ya buɗe. Na uku sanyi, domin wanda ya jiƙe da asuba a kan ruwa, iska na dukansa, ko saurayi ne sai ya ji a jikinsa, balle tsoho. Na huɗu kuwa kututture ne dai har yanzu, domin wanda ruwa ya rufe da taki ɗaya ya fi wanda ke tsaye a fili haɗari.

Hazon nan shi ya fi damuna, saboda wani dalili na dabam. Na tambayi Baffa yadda zai gane wurin, tun da ruwa ba shi da alama. Ya ce akwai wani tudu a gaɓar gabas wanda in ka tsaya a ƙofar gidansu za ka gan shi ya yi daidai da bakin wani rafi, kuma tudu ba ya tashi. Ke nan in hazo ya rufe tudun, mun yi tafiyar banza. Da damina sararin sama kan yi garau, amma ba mai hankalin da zai kai tsoho tsakiyar tafki a lokacin hadari. Sai muka tsai da shawara a kan ƙarshen Janairu, muka kuma ware kwana 2 na zaman jira a Warra, ko Allah zai ba mu safiya mai haske.

HANYA DA ZANGO

Daga Karmo mota za mu shiga mu bi ta Suleja, da Minna, da Zungeru, da Tegina, da Kontagora, mu sauka Yelwa. Tafiyar yini guda ce cur, kuma ba a ɓoye ya ke ba cewa hanyar ta sha fama da 'yan bindiga. A 2021 aka sace 'yan makarantar Islamiyya a Tegina, a cikin shekarar kuma aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Don haka sharaɗinmu na farko shi ne ba tafiyar dare, kuma ranar da za mu tashi sai mun tambayi direbobin tasha da 'yan'uwa na can halin da hanya ke ciki. In suka ce a dakata, mun dakata.

A kan ruwa kuwa gaɓar gabas za mu bi, ba za mu yanka ta tsakiya ba ko da ta fi kusa. Hikimar ita ce, da ya ke iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, tudun gaɓar gabas yana kare ruwan da ke kusa da shi, igiyar kuwa sai ta tafi ta tattaru a gaɓar yamma. Har ila yau, in inji ya mutu kana kusa da gaɓa, filafili da gora za su fisshe ka, amma in a tsakiya ne sai yadda iska ta yi da kai. Bugu da ƙari, a yamma ne dazuzzukan Borgu su ke, inda aka sha ba da labarin ɓarnar 'yan bindiga a shekarun nan, ba mu da abin nema a can.

Ga yadda zangon ya ke. Rana ta farko daga Yelwa zuwa Warra, awa 4 a lissafin matuƙi. Rana ta biyu, ko ta uku, ko ta huɗu, gwargwadon yadda hazo ya yi, mu fita zuwa kan gungun mu komo, awa 2. Rana ta ƙarshe mu koma Yelwa, awa 5, domin a komowa muna fuskantar iska da ƙarfin ruwa gaba ɗaya. Kullum sai rana ta fito an ga gaɓa za mu tashi, kuma kafin la'asar mun ɗaure jirgi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiya a ruwa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Mu mun ƙara wa kanmu awa 2 a kan nata, domin in wani abu ya lalace a sami hasken gyara.

LISSAFIN MAI DA KAYA

Jirgin na katako ne, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 a bayansa. Irin wannan inji in aka sake masa wuta duka yana iya shan abin da ya kusa lita 20 a awa, amma in aka bi shi a hankali, matuƙi ya ce lita 12 ta ishe shi. Awa 11 ke nan sau 12, ya kama lita 132. Ƙa'idar masu jirgi ta duniya kuwa ita ce a raba mai kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na komowa, ɗaya na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai dole. Da muka ɗora wannan sai lissafi ya tashi lita 200, watau jarka 8 masu cin lita 25.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 1 ga jerin abin da ke cin kuɗin matafiyi a ruwa shi ne mai, kuma tun daga 2023 ɗin nan masu jirgi da yawa ke ƙara lodi don su mai da kuɗinsu. Mu kuwa sai muka ga wata matsala ta dabam: lita 200 ta kai nauyin kilo 150, nauyin ƙarti biyu ke nan. Saboda haka jarka 5 za mu ɗauka daga Yelwa, sauran 3 a tanadar mana a Warra, kuma kowace sai an tace ta da ƙyalle kafin a zuba, domin man da ruwa ya shiga shi ke kashe inji a inda ba a so.

Mu huɗu ne kawai a jirgin da kan ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba: ni, da Baffa, da matuƙi, da yaronsa wanda zai zauna a goshin jirgi yana duban kututture, da ragar masunta, da mamari, da kainuwa, waɗanda in suka naɗe farfela sai an tsaya. Sauran kaya su ne farfela ta biyu, da fulogi, da igiyar tayar da inji, da filafili 2, da gora, da abin kwalfe ruwa, da tocila, da usur, da bargo a cikin leda, da maganin Baffa. Wayoyi za mu ɗaure su a leda, mu kuma bar wa wani ɗan'uwa a Yelwa da wani a Warra lokacin tashinmu da lokacin da ya kamata a gan mu, domin akwai wuraren da waya ba ta kamawa. In lokaci ya wuce da awa 2 ba mu iso ba, su tayar da jirgi a biyo sawu. Wurin da dorina ke kiwo kuwa, matuƙi ya ce ya san su, kuma ba a yi musu kusa ko don kallo.

RIGIMAR RIGAR RUWA

Duk cikin shirin nan ba abin da ya ba ni wuya kamar rigar ruwa. Da na kawo guda huɗu na ajiye, Baffa ya dube su ya ce, "Ni Basarke, ɗan Basarke, in sa wannan? Tun ban iya tafiya ba na iya iyo." Na ce, "Baffa, gaskiya ne, amma wanda ya iya iyon yana da shekara 14 ne." Bai yi dariya ba.

Sai na bi da shi ta wata hanya. Na tuna masa abin da ya faru ran 26 ga Mayu, 2021, kusa da Warra ɗin nan da za mu, inda jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, waɗanda suka tsira kaɗan ne ƙwarai. Na tuna masa na ƙasar Patigi a Jihar Kwara, cikin Yuni 2023, inda mutum fiye da 100 suka halaka suna komowa daga biki da dare. A cikin waɗannan bayin Allah akwai waɗanda aka haifa a bakin ruwa, sun kuma iya iyo. Abin da ke cin mutum ba rashin iya iyo kaɗai ba ne: nisan gaɓa ne, da nauyin tufafi, da buguwa, da wanda zai riƙe ka don ya tsira. Kusan duk haɗarin da aka yi, dalilan ba su wuce huɗu ba: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar ruwa. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin mutum ya kauce masa tun yana kan tudu.

Ran wata Asabar na ɗauke shi muka tafi tafkin Jabi, wanda ba shi da nisa da mu, inda ake hayar ƙananan jiragen shaƙatawa. Nufina in ga yadda zai iya shiga da fita, da yadda zai jure zama. A can ba a hawa sai da rigar, ya sa yana ƙunƙuni. Da muka sauko ya ce wannan ai kududdufi ne, amma ya yarda da abu ɗaya, rigar tana tare iska a ƙirji. To, a kan haka muka shirya: shi zai sa ta don sanyi, ni kuwa na san don me na saye ta.

A TAMBAYI MASU RUWA

Akwai darasi a tarihin wannan ruwa kansa. Baturen nan Mungo Park ya taso daga Sansanding ta ƙasar Mali a ƙarshen 1805 cikin jirginsa, ya ƙudura ba zai riƙa sauka yana neman izni ko shawara ba, wanda ya matso shi ma sai harbi. Ya yi tafiya mai nisan gaske, amma a duwatsun Bussa ya halaka a 1806, wurin da yanzu shi ma yana ƙarƙashin tafkin. Bayan shekara 24, a 1830, Richard Lander da ƙanensa John suka zo Bussa, suka hau zuwa Yawuri suka yi makonni, suna gaisuwa suna jira, har suka sami jirgi da yardar sarakuna. Su ne suka bi kogin har teku.

Saboda haka in mun isa Yelwa ba za mu faɗa jirgi washegari ba. Za mu kwana biyu, mu gai da dangi, mu je wurin Sarkin Ruwa da dattawan kwata mu faɗa musu inda za mu, mu ji abin da za su ce game da ruwan bana. Taswirar da ke cikin wayata tana nuna gaɓa, amma ba ta san inda kuka ta nutse ba. Wannan sai masunta, waɗanda ke fita kullum neman giwar ruwa da ƙarfasa da warangi.

ABIN DA MUKA ƊAURE A KAI

Uwargidana ta tambaye ni, in an yi duk wannan ɗawainiya aka je Warra hazo ya ƙi washewa fa? Na ce sai mu juyo. Wannan ita ce magana mafi nauyi a cikin shirin duka, kuma na ga gara a yanke ta a nan Karmo, inda hankali ke kwance, da a bar ta sai an je bakin ruwa, kuɗi sun ƙare, zuciya na cewa a gwada. Sharuɗɗa uku muka rubuta a takarda: in ba a ganin gaɓa ba mu tashi, in igiyar ruwa ta fara farin kai ba mu fita fili, in matuƙi ya ce a'a, a'a ɗin ita ce, ko da Baffa ya ce i. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na karanta wa Baffa takardar ina fargabar abin da zai ce. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Haka ubana ke yi. Yakan fito da asuba ya dubi ruwa, in bai gamsu ba ya koma ya kama gyaran koma, ko da babu cefane a gida." Na ce, "To in ba mu ga tudun ba fa, Baffa?" Ya ce, "In na sha ruwan da hannuna a kwatar Warra, na rage. Sauran kuma in da rabo baɗi."

Yanzu dai riguna huɗu suna rataye a bayan ƙofa, ƙurar Karmo na sauka a kansu, Baffa kuwa kullum da safe sai ya fita ƙofar gida ya dubi gabas ya ce mini yau hazo ya fi na jiya, ko bai kai ba. Masu shirin shiga ruwa a wannan hunturu, ko don kasuwa, ko biki, ko ziyara, ina roƙonku ku ƙirga kanku kafin ku shiga, ku dubi rana, ku nemi rigar. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, amin.